Gyauron fetuniya ko sabon iri: wanne ya dace da lambunka?

A gindin dakalin da nake jera tukwanen fure akwai wata 'yar tsaga tsakanin siminti da ƙasa, faɗinta bai kai na ɗan yatsa ba. Nan wata fetuniya ta tsiro, ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya ba ta taki. Na san uwarta, domin tukunyar da ke saman wurin a shekarar da ta gabata fetuniya ce ja mai farin baki, furenta ya kusa cika tafin hannu. Da 'yar ta buɗe sai ga fure ɗan ƙarami, shunayya mai dishi-dishi, ba ja, ba farin baki. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Amma kuma ita ce ta fi kowace fetuniya daɗewa a gidan a wannan shekara, har waɗanda na saya na yi ta lallaɓawa suka bushe tana nan tana fure.

Duk wanda ya taɓa ganin irin wannan sai tambayar ta zo masa: me zai sa in ci gaba da sayen iri ko dashe duk shekara, alhali furen na iya zubar da irinsa ya tsiro da kansa? Manomi na kiran abin da ya tsiro daga zubin bara gyauro, kuma sunan ya dace da wannan ma. Amsar ta rataya ne a kan abin da kake so a wurin fetuniyar. In wani launi na musamman ne ya ja ka, gyauro zai ba ka haushi. In kuwa burinka wurin ya cika da fure da ƙamshi ko wane iri ne, to zai yi maka fiye da yadda ka zata.

Sai an san asalin furen kafin a gane dalilin da ya sa 'ya'yan ba sa gadon iyayen. Fetuniya 'yar Kudancin Amurka ce, daga yankunan Ajantina, Burazil, Yurugwai da maƙwabtansu. Danginsu ɗaya da tumatir, dankalin turawa, barkono da taba, har sunan ma daga kalmar taba ya samo asali a harshen Tufi-Gwarani na mutanen can. Wadda muke shukawa a gidaje ba ta daji ba ce. Aure aka haɗa a Ingila cikin shekarun 1830 tsakanin jinsi biyu na daji. Ɗaya ita ce Petunia axillaris, fara mai dogon wuya, mai tashin ƙamshi da yamma, wadda wani malam-buɗe-littafin dare mai dogon baki ke ziyarta. Ɗayar kuma daga ɓangaren Petunia integrifolia take, ƙaramar shunayya wadda ƙudan zuma ke so. Duk ja da ruwan hoda da rawaya da mai zane-zane da ake gani a yau, daga zuriyar waɗannan biyun masu kiwon iri suka yi ta tacewa kusan shekara 200. To idan aka saki zuriyar ta yi ta barbara yadda ta ga dama, ba mamaki ta riƙa komawa kamannin kakanninta, wato shunayya, ruwan hoda mai haske da fari.

Akwai kuma alamar nan ta F1 da za ka gani a jikin mafi yawan fakitin iri. Ma'anarta kamfani ya riƙe zuriya biyu daban, kowace an tace ta har ta tsaya a kan hali ɗaya, sannan ya haɗa su. 'Ya'yan farko na wannan haɗi su ne ke cikin fakitin, shi ya sa in ka shuka guda hamsin duk za su fito kamar an buga su da hatimi: tsayi ɗaya, launi ɗaya, lokacin fure ɗaya. Matsalar a jikoki take. Abin da Gregor Mendel, masanin da ya gano yadda ake gadon halaye, ya nuna da wakensa a 1866 shi ne ke faruwa a nan. Idan hali ɗaya ne ya bambanta iyayen, kimanin ɗaya cikin huɗu na jikokin zai fito da halin da ya ɓuya. Idan kana neman halaye biyu ɓoyayyu su haɗu a tsiro ɗaya, ɗaya ne cikin 16. Idan uku ne, ɗaya cikin 64. Furen da ka saya kuwa ba hali ɗaya ko biyu ya tara ba: launi, girman fure, gajartar kara, yawan rassa, zanen baki, duk kowanne da nasa gadon. Ga kuma ƙudan zuma da ba ruwansu da tsarinka, su tashi daga jan fure su faɗa fari, su tsallaka na maƙwabci su dawo.

Wani abu da na lura da shi shi ne sauyin ba ya tsayawa a shekara ɗaya, ƙaruwa yake yi. A zubi na farko za ka ga gauraye mai ban sha'awa, wasu ma sun kusa kama da uwar. Amma tsiron da ya fi zuba iri shi ne zai fi yawan 'ya'ya a baɗi, kuma galibi masu ƙananan fure marasa ado su ne suka fi zubawa. Masu manyan fure da aka ƙawata ba su cika ƙoƙari a wannan fanni ba. Bayan shekara uku ko huɗu sai ka tarar fangalin ya zama na shunayya da ruwan hoda da ɗan fari nan da can, dogaye masu miƙewa, ba dunƙulallu irin na fakiti ba. Ni dai ina son su haka, musamman da yake ƙamshin da yawancin na zamani suka rage yakan dawo a wasu daga cikinsu, ka ji shi sosai bayan faɗuwar rana. Amma na san mai son jeri ja zalla a bakin ƙofa ba zai ga kyan wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Kafin ma a kai ga maganar launi, sai a tambaya ko fetuniyar da kake da ita tana yin iri. Ba duka ke yi ba. Masu ninkin fure, waɗanda ke kama da dunƙulen yadi, yawanci sashen macen da ke tsakiyar furen ya naƙasa, don haka da wuya su ƙulla ƙwanso. Su Surfinia, wadda kamfanin Suntory na Japan ya fitar a 1989, da Supertunia, da masu ado irin su Night Sky mai ɗigo-ɗigon fari kamar taurari, duk da reshe ake yaɗa su a gonakin kasuwanci, ba da iri ba. Wasunsu ba sa ƙulla iri sai kaɗan, in ma sun ƙulla abin da zai tsiro ba shi ne abin da ka saya ba. Zuriyar Wave, wadda Purple Wave ɗinta ta ci lambar yabon All-America Selections, wata ƙungiyar gwajin iri a Amurka, a 1995, da iri ake shuka ta kuma takan yi gyauro, sai dai ita ma F1 ce, don haka jikokin ba tabbas su shimfiɗu su rufe ƙasa kamar uwarsu. Waɗanda gyauro ya fi karɓa su ne tsofaffin iri da ba a rubuta musu F1 ba, da jinsunan daji guda biyun nan, da irin su Laura Bush da aka sani a jihar Teksas ta Amurka da zuba iri da jure zafi. In tun farko gyauro kake nufi, fara da ɗaya daga cikin waɗannan ka huta.

A nan sai in ɗan ratse. Akwai furanni biyu da ake rikita su da fetuniya. Na farko kalibarakowa, wadda ake sayarwa da suna Million Bells, mai ƙananan fure kamar 'yar fetuniya. 'Yar'uwa ce ta kusa amma jinsi daban, kuma waɗanda ake sayarwa ba su cika zuba iri ba, don haka kada ka zauna jiran gyauronta. Na biyu shi ne wanda ake kira fetuniyar Meziko, Ruellia simplex, wadda ko dangi ba su haɗa da fetuniya ba. Wannan ƙwansonta fashewa yake yi ya watsa iri, tana kuma yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa, har an sa ta cikin tsirrai masu mamaye wuri a jihar Fulorida. In ita ce a gidanka, tambayarka ba yadda za ta yi gyauro ba ce, yadda za ka tsayar da ita ce.

Yanzu ga farashin da gyauro ke karɓa, domin ba kyauta ba ne kamar yadda ake ɗauka. Kuɗinsa na farko fure ne. Mai son fetuniya ta daɗe tana fure yakan bi ta yana tsinke waɗanda suka yanƙwane, kuma ba lallausan furen kaɗai ake zarewa ba, har da ɗan koren kofin da ke gindinsa ake tsinkewa, domin a cikinsa ƙwanson iri ke girma. Da yawa suna zare furen su bar kofin suna ganin sun yi gyara, alhali shukar na nan tana zuba ƙarfinta a iri. Mai son gyauro dole ya daina wannan tsinka, aƙalla a wasu rassan. Daga barbara zuwa nunar ƙwanso kimanin wata guda ne. A wannan tsakani shukar takan rage fure, ta yi dogayen rassa masu ɗanko da busassun kofuna a jiki. Ba kyan gani, gaskiya. Dabarar da nake yi ita ce in ci gaba da tsinka har sai saura makonni shida zuwa takwas lokacin furen ya ƙare, sannan in bar tsirrai biyu ko uku da na fi so su ƙulla. Ba a buƙatar fiye da haka. Ƙwanso ɗaya bai fi ƙwayar barkono girma da yawa ba, amma yakan ɗauki iri fiye da ɗari, kuma giram ɗaya na irin fetuniya ya kai ƙwaya wajen dubu goma. In ka fasa ƙwanson a tafin hannu sai ka ce ƙura ce baƙa-baƙa.

Kuɗi na biyu shi ne ka ɗaure hannunka daga gyaran ƙasa. Irin fetuniya sai ya ga haske yake tsirowa. In ka juya ƙasar da fartanya ka binne shi, ko ka shimfiɗa ciyawa ko ɓawon itace mai kauri don riƙe laima, ka kashe gyauronka da hannunka. Wannan ya sa yake yawan fitowa a tsagar siminti, cikin tsakuwa, bakin hanya, ko tukunyar da ke ƙasan wadda aka rataye, wato wuraren da ba a taɓawa. Ma'ana ke nan fangalin da ka ware wa gyauro zai zauna tsirara na wani lokaci, kuma duk ciyawar da ke son haske ita ma ta samu hanya.

Daga nan sai wahalar gane tsiron. Sabon tsiron fetuniya ƙanƙane ne ƙwarai, ganye biyu kamar kan allura, kuma yakan yi makonni yana nan kamar ba ya motsi. Wata shekara ƙanwata ta zo ta ga fangalin ya yi kore-kore, ta durƙusa ta share shi tas don ta taimake ni. Da na dawo na tsaya ina kallon ƙasa, sai ta ce, "Yaya, ai ciyawa ce ta cika wurin, na cire maka." Ban iya cewa komai ba, don ni kaina a shekarar farko haka na yi. Alamar da ba ta ruɗi ita ce taɓawa. Da zarar ganyen gaskiya sun fito, masu siffar ƙwai, za ka ji gashi-gashi da ɗan ɗanko a yatsa. Kafin nan, kada ka cire komai a wurin sai abin da ka tabbata ciyawa ce. In sun kai ganye huɗu zuwa shida sai a rage su, domin a cunkushe suke fitowa inda ƙwanso ya zube. Bar tazarar kamar santimita 25 zuwa 30 tsakaninsu, masu shimfiɗuwa kuma 45 ko fiye. Waɗanda ka cira da 'yar ƙasarsu suna karɓar dashe lafiya lau in an yi da yamma aka ba su ruwa. Rage tsiro na da ciwo, amma in ka bar su a cushe za su yi siraran kara, iska ba ta ratsa su, fumfuna ta samu wurin zama.

Kuɗi na uku lokaci ne, kuma nauyinsa ya danganta da yanayin inda kake. Fetuniya ba ta jure sanyi mai daskarar da ruwa. A wuraren da ake irin wannan sanyi, uwar takan mutu, irin ya kwanta a ƙasa har ta ɗumama, domin ya fi son ɗumi na wajen digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas kafin ya tsiro, abin da kan ɗauki kwana 7 zuwa 10 in yanayi ya yi daidai. Daga tsiro zuwa fure kuma sai an yi makonni 10 zuwa 12. Mai sayen dashe ya tsallake duk wannan, domin an riga an rena masa a ɗaki mai ɗumi tun ana sanyi. Ranar da ya dasa da furensa, kai kuwa naka ko fitowa bai gama yi ba. In lokacin ɗumin wurinku gajere ne, wannan jinkiri na iya cinye kusan rabin kakar furen. A wuraren da ba a daskarewa kuwa matsalar ta juya. Babu sanyin da zai tsare irin, don haka yana iya tsirowa da zarar ya samu laima, ko da lokacin bai dace ba. Ya fito a tsakiyar ruwan sama mai ƙarfi, ruwa ya kwashe shi ko ya ruɓar da shi, ko ya fito a tsananin zafi ya ƙone. Fetuniya na son rana, aƙalla awa biyar zuwa shida a yini, amma ba ta son ƙasa mai riƙe ruwa, kuma masu manyan fure ruwan sama na lalata musu fure ya mai da shi kamar jiƙaƙƙen tsumma.

To ga wanda wannan rashin tabbas ya dame shi amma ba ya son saye, akwai hanya ta tsakiya: ka tara irin da hannunka. Ni a ganina wannan ta fi gyauro zalla a kusan kowane fanni, ban da ɗan aikin da ke cikinta. Kana duba kofunan nan, in ƙwanson ya koma ruwan ƙasa ya fara tsagewa a baki, sai ka tsinke shi ka jefa a ambulan takarda. Kada ka jira ya buɗe gaba ɗaya, don kwana ɗaya ya isa ya zubar da komai. Kada kuma ka sa a leda, laima za ta ruɓar da shi. Bar shi ya bushe kamar mako guda a inuwa, ka murje, ka rubuta launin uwar a jikin ambulan, ka ajiye a wuri mai sanyi marar laima. Ribar a nan ita ce kai ke zaɓen uwa, kai ke zaɓen lokaci, kai ke zaɓen wuri. Kana iya juya ƙasarka ka zuba mata taki yadda kake so, sannan ka yayyafa irin a sama. Ka gauraya shi da busasshen yashi mai laushi don kada ya taru wuri ɗaya, ka danna da tafin hannu kawai ba tare da rufewa ba, ka ba da ruwa da feshi ko ta ƙasan kasko. In ka kwarara ruwa da bokiti, duk zai taru a lungu guda. Abin da wannan hanya ba ta magancewa shi ne gado: irin F1 da ka tara da hannu zai rarrabu kamar yadda gyauronsa zai yi. Sai dai in kana zaɓen mafi kyau duk shekara kana cire waɗanda ba ka so kafin su ƙulla, a hankali zuriyar gidanka za ta karkata inda kake so. Ko a gyauro ma ana iya yin wannan tankaɗe, in kana da zuciyar tumɓuke shuka mai fure.

Sayen sabon iri ko dashe kuwa, abin da kake biya shi ne tabbas. Ka san launi, ka san tsayi, ka san ko mai manyan fure ce ta tukunya, ko mai matsakaitan fure masu yawa da ta fi jure ruwa, ko mai zubowa ta kwandon ratayewa. In kana son tukwane shida a jere su yi kama ɗaya, ko kana haɗa launi da fentin bango, ba wata hanya sai wannan ko reshe. Ga kuma ƙarfin girma irin na F1, da gajartar jiki da ke sa shukar ta zauna dunƙule ba ta baje ba. Irin saye sau da yawa yakan zo a lulluɓe da wani farin shafi da ke mai da shi 'yan ƙwallaye don a iya ɗauka ɗaya-ɗaya. Yana sauƙaƙa shuka ƙwarai, amma sai shafin ya jiƙe sosai ya narke kafin tsiro ya fito, in ya jiƙe rabi ya sake bushewa sai ya ƙanƙame irin. Dashe ya fi iri tsada nesa ba kusa ba, kuma yana iya shigo maka da baƙi: darɓa, farin ƙuda, ko cuta. In za ka saya, ɗaga ganyen ka duba ƙasansu, ka zaɓi gajere mai rassa da yawa ko da furensa kaɗan ne, ka bar dogon nan mai fure ɗaya a ka da ke ɗaukar ido.

Saura reshe, wanda shi kaɗai ne ke dawo maka da ainihin furen da ka ƙaunata, ba 'yarsa ba, ba jikarsa ba. Fetuniya a asalinta ba mai shekara ɗaya ba ce, sanyi ko wahala ke kashe ta. Ka yanki kan reshe mai lafiya wanda bai ɗauki fure ba, tsawon kamar santimita 8 zuwa 10, ka cire ganyen ƙasa, ka soka a ƙasa mai sauƙi da yashi a ciki, ka ajiye a wuri mai haske amma ba rana kai tsaye ba. Cikin makonni biyu zuwa uku yakan yi saiwa. Nauyin da ke kanka shi ne raya shi har kakar gaba, a cikin ɗaki kusa da taga in ana daskarewa, ko a inuwa mai iska in zafi ko ruwa ne matsalar. Illarsa biyu. Duk cutar bairos da ke jikin uwar tana bin reshen, kuma fetuniya na kamuwa da irin waɗanda ke kama taba da tumatir, masu sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya murɗe. In ka ga haka, kada ka yanki reshe a jikinta, tumɓuke ta. Na biyu, yawancin sanannun irin da ake yaɗawa da reshe suna da rajistar mallaka, kuma akan rubuta a jikin alamar tukunyar cewa an hana yaɗa su ba izini. Dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma a ce za ka rena ka sayar, wannan kam ka kiyaye.

Maganar cuta ta shafi gyauro ta wata fuska. Tsiron da ya fito daga iri galibi yana farawa da tsabta fiye da na reshe. Amma barin fetuniya a fangali ɗaya shekara da shekaru, da tarkacen bara a kwance ba a kwashe ba, na tara abin da ke damun danginta a wurin. In kana noman tumatir ko barkono a lambun, kada ka bar gyauron ya shiga tsakaninsu, domin ƙwari ɗaya ke yawo a kansu suna ɗaukar cuta daga wannan zuwa wancan. Bayan ƙwanson sun zube, yanke busassun karan a gindi ka fitar da su, ka kakkaɓe su a kan ƙasar tukuna. Ka lura kuma da dodon koɗi, dare ɗaya ya ishe shi ya share sabon tsiro.

Ga yadda zan raba wa mai tambaya. In tukwane kaɗan gare ka a baranda ko bakin ƙofa, inda kowace tukunya ido na kanta, manta da gyauro. Wurin ya yi kaɗan a yi caca da shi, ƙasar tukunya kuma tana buƙatar canji, ga watannin da za ta zauna ba komai. Sayi dashe, in wata ta burge ka ƙwarai ka riƙe ta da reshe. In kana da fili a ƙasa, gefen katanga ko bakin hanyar tsakuwa, wurin da ba ka yawan tonawa kuma ba ka damu da launin da zai fito ba, nan ne gidan gyauro, musamman in ka fara da tsohon iri. In kakar ɗumin wurinku gajere ce, ko ruwan sama na zuwa da ƙarfi daidai lokacin da irin ke zuba, tara da hannu ka shuka a lokacin da ka zaɓa. Mai ninkin fure ko mai zanen taurari kuwa, kada ma ka ɓata kakar kana jiran ƙwanso.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne raba lambun biyu. Tukwanen gaba na saye ne, ina tsinke musu fure har ƙarshe ba na barin ko ƙwanso ɗaya. Dogon fangalin da ke bin katangar baya na bar wa gyauro, na kafa 'yan sanduna da zare a kewayensa don kada a sake share mini shi. Duk da haka ina tara ambulan ɗaya a ajiye, saboda akwai shekarar da ruwa ya kwashe komai ko tsiro ɗaya bai fito ba. Bana fangalin ya ba ni shunayya iri uku, fari mai jijiyoyin shunayya a maƙogwaro, da wata guda ɗaya ja-ja mai ɗan farin baki da ban ga irinta ba tun tukunyar farko. Na ɗaura mata jan zare a kara, ita zan bari ta ƙulla.